Ranar da Bidi Ya Hau Mota

Ranar da Maigandi ya sayo mota, duk Ƙofar Kware an fito kallo, manya da yara, har da maƙwabcin da suka daɗe ba sa gaisawa. Mai rai ɗaya ne kawai bai leƙo ba. Bidi ne, tsohon dokinsa, wanda ya juya wa ƙofa baya ya tura kai cikin kusurwar katanga kamar an yi masa rasuwa.

Maigandi ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye yana sayarwa, gero da dawa da wake. Tun gemunsa na baƙi wuluk Bidi ke kai shi kasuwannin ƙauye, rani da damina, har gemun ya yi fari fat. Yanzu ga kitika ta zo, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ga kuma direba a gida, Abdulwahabu ɗan ƙanwarsa, magidanci mai gashin baki wanda ya koyo tuƙi a Gusau. Inda doki ke wuni bai kai ba, mota ta je ta dawo kafin azahar. To, me ya rage wa Bidi? Turke.

Turken kuwa bai karɓe shi ba. Dama ƙafarsa ta gaba ta daɗe tana yi masa ciwo, idonsa na hagu ya yi hazo, duk abin da ya ɓullo masa ta wannan gefen sai ya zabura. Daga nan ya fara barin abinci. A zuba masa harawa, ya shinshina ya kau da kai. A dama masa dusa da kanwa, ya lasa sau ɗaya ya bar wa ƙudaje. Kafin damina ta yi nisa haƙarƙarinsa sun fito reras.

Sadiyatu, matar Maigandi, ita ta fara furta abin da kowa ke gani.

"Maigida," in ji ta, "dokin ga mutuwa za shi yi gabanmu muna kallo. Ni dai ban iya ganin haka."

Maigandi shi ma abin na cin sa. Kullum ya dawo kasuwa a mota sai ya ji kunyar wucewa ta gaban turken.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga yayansa Gidaɗo, wanda ke zaune a wani ƙauye can gaba da Mafara, bakin gulbi, inda aka haifi Bidi. Saƙon gajere ne, irin na Gidaɗo: a kawo masa dokin, fadama ta yi kyau bana, abin da ke damun tsoho zaman wuri ɗaya ne da warin fetur. Magana ta yi daidai, amma ta yaya? Dokin da ba ya iya zagaya unguwa ba tare da ɗingishi ba, ina shi ina tafiyar Mafara da ƙafa? Bayan kitika kuma ya yi masa tsawo, ba zai hawu ba.

Garba kafinta ne ya warware wannan. Ya samo ƙafafun wata matacciyar mota, ya ɗora musu dogon akwatin katako mara rufi, mai ƙofa a baya da ake kwantar da ita ta zama matakala, maƙeri ya yi masa ƙugiyar da za a maƙala a bayan kitika. Unguwa ta samu abin dariya. Wasu suka ce amalanke ne ya yi karatu, wasu suka ce ɗakin amaryar doki ne. Garba bai kula su ba, sai da ya gama ya ja Maigandi gefe.

"Ka ji gaskiya," in ji shi. "Wanga katako na, ba ƙarhe na ba. In dokinka ya natsu, har Kano shina kai shi lahiya lau. Amma in ya hirgita ya kama harbi a ciki, ɗayan biyu za a yi: ko katako shi karye, ko ƙahwa. Kai kuma ka san abin da ka bin dokin da ƙahwa tai ta karye."

Maigandi ya sani sarai. Dokin da ya karye ba ya tashi. Kuma ya san abin da ke firgita Bidi: hayaniya, ƙarar oda, jama'a su yanyame shi ta gefen da ba ya gani. Saboda haka tun daga ranar ya shiga lissafin hanya, har Sadiyatu ta ce ko masu zuwa Makka da ƙafa ba su yi wannan shiri ba.

Wata ranar da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗebo hatsi a tafin hannu, ya aika aka kira Abdulwahabu.

"Zauna. Ka ga wagga ƙwayar wake? Ita ta Sakkwato." Ya dire ta. Ya jera ƙwayoyin dawa a gabanta. "Ga Shuni, ga Dange, ga Tureta. Wagga babbar ita ta Mahwara."

"Kawu, ai na san hanya. Na bi ta ba adadi."

"Ka san ta da buhuhuwa. Buhu ba shi harbi."

Abdulwahabu ya gyara zama, don ya ga zancen mai tsawo ne.

Maigandi ya ɗauki ranaku ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa. Talata dai ba a ma maganarta, kasuwar Mafara ce, jakuna da raƙuma har bisa titi. Litinin masu zuwa kasuwar ne ke cike hanya, Laraba masu komawa. Alhamis, a saninsa, ranar ce masu shanu suka fi koro garke zuwa birni, in kuwa garke ya rufe ka babu yadda za ka yi sai ka tsaya ƙahoni na gogar mota. Juma'a duk garin da ke bakin hanya ya cika da masu zuwa masallaci. Ga kuma babban abin da ya dagula komai: shekarar ce ta mulkin kai, saura kwanaki kaɗan a yi bikin, mutanen ƙauye na ta kwararowa Sakkwato, manyan motoci cike maƙil, kowane direba hannunsa a kan oda.

Yana cikin bayani wata kaza ta lallaɓo ta cafke Tureta ta ruga. Sadiyatu, da ke bakin madafi tana saurare, ta fashe da dariya.

"To, Maigida, an rage muku gari ɗaya, tahiya ta yi sauƙi."

"Ke dai kori kajinki," in ji shi, shi ma yana murmushi. Ya sa wata ƙwayar a gurbin. "Lahadi masu kallon biki ka komawa gida, hanya ba ta biyuwa. Saura mi?"

Abdulwahabu ya ƙirga da yatsu, sai ya zaro ido. "Asabar? Kawu, ita ta ranar mulkin kan hwa!"

"Shi ya sa." Maigandi ya buga cinya, yana jin daɗin kansa. "Ranar duk mai ƙahwa shina hilin taro. Ba kasuwa, ba shanu, ba manyan motoci. Hanya tamu ta mu kaɗai, mu da tsuntsaye."

"Amma Kawu, abin da ba a taɓa yi ba! Har sabuwar riga niɗ ɗinka. Jikoki su tambaye ni ina nike ranar, in ce ina jan doki?"

Maigandi ya dubi wajen turke, inda Bidi ke tsaye kai a ƙasa.

"Mulkin kai in mun dawo muna iske shi, ba gudu za shi yi ba," in ji shi a hankali. "Wancan kuwa ba ni da tabbas."

Abdulwahabu bai sake musu ba. Alfarma ɗaya kawai ya roƙa: a bar shi ya ɗaura 'yar tutar nan kore da fari a hancin mota, don ko ba komai shi ma a san ɗan ƙasa ne. Maigandi ya ce ɗaura, tuta ba ta da ƙara.

Ya yi niyyar kada kowa ya san ranar tashi, amma wa ke yin tafiya bai sallami maƙwabta ba? Ya gaya wa liman, don addu'a. Ya gaya wa Garba, don shi ya yi akwati. Ya gaya wa maƙwabcin dama, sai ya ga in na hagu ya ji a waje ba zai ji daɗi ba. Da aka sallame sallar asuba ran Asabar, rabin sahu ne ya biyo shi gida rakiya. Haka ya bi su ɗaya-ɗaya yana roƙon a yi magana ƙasa-ƙasa, dattawa suka tsaya cirko-cirko suna raɗa kamar masu zuwa dubiya.

An shimfiɗa yashi da ciyawa a cikin akwatin. Bidi ya zo bakin matakala ya coge, ya hura hanci. Maigandi bai ja shi ba. Shiga ya yi da kansa ya tsaya a ciki yana kiransa da 'yar muryar da ya saba, har dokin ya ɗaga ƙafa ya taka, ya sake takawa, ya shige. Sadiyatu ta leƙo daga zaure lulluɓe da mayafi, ta miƙa hannu ta saman katako ta shafa goshinsa.

"Sai wata rana, tsoho," in ji ta. "Ka yahe muna."

Ta juya da sauri ta koma ciki, don ba ta son a ga idonta.

Sun bi ta bayan gari, nesa da inda ake ta kafa rumfuna da tutoci, suka hau hanyar Gusau rana na fitowa. Wallahi kuwa lissafin Maigandi ya yi kyau. Hanya fayau, ko jaki babu. Gero ya nuna, dawa ta fitar da kai, gonaki dama da hagu har iyakar gani, iska mai sanyi na shigowa ta taga. Abdulwahabu na tafiya a hankali, yana kauce wa ramuka, in an zo gargada ya rage har mai keke ma ya iya wuce su. Maigandi kuwa wuyansa ya kusa ƙagewa don waiwaye. Ta gilashin baya yana hango kan Bidi bisa katako, kunnuwa a miƙe, iska na kaɗa gezarsa.

"Ka gan shi?" in ji shi. "Ɗan banza, daɗi shika ji. Shekara da shekaru shina ɗauke da ni, yau ga shi an ɗauke shi."

Suka wuce Shuni shiru, suka wuce Dange shiru, sai kiɗa da suke jiyowa can nesa wajen filin makaranta. Kowane gari suka wuce sai Maigandi ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Wa yaf faɗi?"

"Kai kaf faɗi, Kawu."

"To."

A gindin wata tsamiya suka tsaya, suka ba Bidi ruwa a bokiti, ya sha kaɗan. Su kuma suka buɗe ƙwaryar furar da Sadiyatu ta dama musu. Maigandi ya ɓare goro ya ba Abdulwahabu rabi, ya ce rabon da ransa ya yi fari haka har ya manta. Abdulwahabu ma ya huce, har yana cewa ashe mulkin kai a kan hanya ma da daɗinsa.

Abu ɗaya ne Maigandi bai sa a lissafi ba, kuma ba yadda za a yi ya sani. Can gaba da Tureta akwai wani ƙaramin gari da hanya ta ratsa ta tsakiyarsa. Su ba su da wani filin taro, hanyar ita ce filinsu. An kuma aiko musu cewa wani babban baƙo zai zo daga Sakkwato ya karanta musu saƙon ranar, ya ɗaga sabuwar tuta. Tun da sassafe suke jere a rana, hakimin garin da dattawansa, malamin makaranta da ɗalibansa riƙe da tutoci, makaɗa, mata, da maharba da bindigoginsu cike da albarushi. Sun gaji, sun yi gumi, ido ya ƙafe a kan hanya.

Sai ga mota ta ɓullo daga kwana. Tuta a hancinta. Dattijo mai rawani da farin gemu a gaba. Tana tafe a hankali, tafiyar ƙasaita. Ga kuma doki a baya, wanda ba shakka kyauta ce aka kawo wa gari. Jama'a, ku da kanku me za ku ce?

"Ya iso! Ya iso!"

Ganguna suka ɓarke. Mata suka rangaɗa guɗa. Jama'a suka rufto kan hanya gaba da baya, dama da hagu, yara na kaɗa tutoci a daidai fuskar Bidi. Abdulwahabu ya taka birki, mota ta yi tsalle ta mutu. Kafin Maigandi ya buɗe baki, maharban suka ɗaga bindigogi sama suka saki wuta.

Bidi ya yi wata irin haniniya da Maigandi bai taɓa ji ba. Ya ɗaga ƙafafun gaba, ya dawo, ya saki harbi da na baya. Dam! Akwatin ya girgiza har motar ta motsa. Ya sake, dam! Aka ji katako ya yi ƙara, ya tsage.

"Innalillahi!"

Maigandi bai san lokacin da ya fita ba. Takalminsa ɗaya ya tsaya a mota. Ya kutsa cikin mutane yana ture hannuwan da ke miƙo masa gaisuwa, ya kama gefen akwatin ya haura, dattijo da shi, babbar rigarsa ta maƙale a ƙusa ta yage har ƙasa. Ya faɗa ciki ta wajen kan dokin, inda kofato ɗaya zai iya gamawa da shi. Ya fizge rawaninsa, hula ta bi ta faɗi, ya naɗe wa Bidi idanu da shi, ya rungumo kan ya danna a ƙirjinsa, ya sa baki a kunnensa.

"Ni na, Bidi. Ni na. Tsaya, tsoho. Tsaya, ɗan albarka. Ba komi, ni na."

Jikin dokin na rawa kamar mai zazzaɓi, gumi na tsiyaya, ƙafar baya ɗaya a ɗage bai sauke ba. Makaɗa kuwa ba su fahimci komai ba, sun ɗauka baƙon ne ya hau zai yi jawabi, suka ƙara wuta.

Hakimin garin ya matso da sandarsa, tsoho ne dogo, ya fara jero marhabin. Sai ya tsaya. Baƙon da yake wa maraba ga shi nan kai ba hula, sanƙo na ƙyalli a rana, riga a yage, ƙafa ɗaya ba takalmi, tsaye cikin kashin doki. Maigandi ya so ya yi ihu a yi shiru, amma bakinsa na kusa da kunnen Bidi. Saboda haka ya ɗaga hannu ɗaya ya yafito hakimin, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ranka shi daɗe, don girman Allah a yi shiru. Ni ba baƙonku na ba. Mai hatsi na daga Ƙohwar Kware. Wanga tsoho nika kai gida shi huta. In yas sake harbi, ƙahwa tai ta tahi."

Hakimin ya dubi Maigandi. Ya dubi haƙarƙarin dokin, ya dubi ƙafar da ke rawa a sama. Da ganin yadda ya kalli ƙafar ka san shi ma ya taɓa riƙon doki. Bai yi fushi ba, bai kuma yi dariya ba, ko da yake gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya juya ya ɗaga sandarsa sama.

Ganga ta kusa ta yi shiru, ta bayanta ta bi. Maganar ta riƙa tafiya daga baki zuwa kunne har ƙarshen taro: ba shi ba ne, wani bawan Allah ne, dokinsa ba lafiya, a yi shiru. Wata mai guɗa da ta riga ta ja numfashi ta toshe bakinta da gefen zane. Malamin makaranta ya sa ɗalibai suka sauke tutoci. Garin da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya koma har kana jin kukan kurciya.

Abdulwahabu ya lallaɓo gefen akwatin. "Kawu, in na tada inji nan, da ƙara za ta tashi. Ina tsoro."

Hakimin ya ji. Ya yafito maharban nan da suka yi ɓarnar. Suka jingine bindigogi a jikin katanga, suka naɗe hannun riga, suka dafa mota. Makaɗa suka ajiye ganguna suka kama akwatin. Abdulwahabu ya koma kan sitiyari. Jama'a suka dare biyu, aka fara turawa.

Haka Bidi ya ratsa garin, ba inji, ba kiɗa, sai ƙarar yashi a ƙarƙashin taya da numfashin masu turi. Mata na tsaye a ƙofar gidaje suna kallo, wata tsohuwa na ta faɗin "Allah sarki" a hankali. Hakimin da kansa yana tafe a gefe da sandarsa. Maigandi na ciki rungume da kan doki, kunya da godiya sun haɗu sun cika masa ƙirji har ya rasa wacce ta fi yawa. Ba su tsaya ba sai da suka wuce gidan ƙarshe, suka kai inda hanya ta yi gangare.

"Ranka shi daɗe, mun ɓata muku biki," in ji Maigandi. "An ƙone albarushi a banza."

"Akwai saura," in ji hakimin. "Baƙonmu in ya zo shi samu nashi. Kai dai tahi da tsohonka. Allah shi kai ku lahiya."

Wani ya miƙo wa Maigandi hularsa ta saman katako. Aka saki mota ta gangara da kanta, sai da ta yi nisa Abdulwahabu ya saki kuloci inji ya kama a hankali. Da suka ɓace wa garin ya tsaya, ya fito ya kwance tutar ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya buɗe wa kawunsa ƙofar gaba.

"Ja mu tahi," in ji Maigandi daga cikin akwati. "Nan nike."

Ya leƙa ƙafar bayan. Akwai jini a gwiwar, kuma har yanzu Bidi da bakin kofato kawai yake taɓa ƙasa. Ko fata ce, ko ƙashi ne, ba mai iya sani sai an sauke shi ya taka. Sauran tafiyar duk a tsaye Maigandi ya yi ta, rana na dukan kansa, kowane rami sai ya ji shi a cikin nasa ƙashin. A Mafara mutane na can wajen taronsu, hanya ba kowa, daidai yadda ya faɗa, amma wannan karon bai tambayi wa ya faɗa ba.

La'asar ta yi sanyi suka isa. Gidaɗo na zaune a ƙofar gida bisa buzu, tsoho siriri mai kaifin ido. Ya ga ƙaninsa, babban ɗan kasuwar birni, tsaye a akwatin doki da yagaggiyar riga, dokin kuma sanye da rawani. Ya daɗe yana kallo.

"Maigandi," in ji shi, "wane na mai gidan cikinku?"

"Yaya, bari wasa. Zo ka duba ƙahwag ga."

Aka kwantar da ƙofa. Maigandi ya riƙa tura dokin baya a hankali, yana yi masa magana. Ƙafar lafiya ta sauka. Mai jinin ta tsaya a sama, ta yi rawa, ta sauko, ta taɓa ƙasa. Bidi ya ɗora mata nauyi, ya ja baya, ya sake ɗora mata, ya sauka gaba ɗaya ya tsaya da ƙafa huɗu. Gidaɗo ya tsuguna ya bi ƙafar da tafin hannu daga sama har kofato, ya matsa nan, ya matsa can.

"Hwata ta," in ji shi. "Ƙashi lahiya lau. Gode wa Allah."

"Alhamdu lillahi," in ji Maigandi, ya dafa akwatin.

Suka ja dokin zuwa fadama, bayan gida kaɗan. Ciyawa kore shar har gwiwa, ruwan gulbi na ƙyalli can ƙasa, balbelu na bin shanu. Maigandi ya warware rawanin daga idon Bidi. Dokin ya ƙifta, ya ɗaga kai, ya buɗe hanci ya ja iska. Ya tsaya. Ciyawa na gogar ƙirjinsa, amma bai sunkuya ba.

Maigandi ya tsinko 'yar ciyawa ya kai masa baki. Bidi ya kau da kai, daidai yadda yake yi a turke. Zuciyar Maigandi ta karye. Duk wannan hanya, duk wannan wahala, ashe an makara?

"Cire mai ragama," in ji Gidaɗo, "ka ja baya. Ka cika tsaya mai bisa kai."

Maigandi ya kwance igiyar daga kan dokin, ya ja da baya, ya ƙara ja. Bidi ya yi taku kaɗan yana ɗingishi, ya shinshina ƙasa, ya zagaya. Sai gwiwoyinsa na gaba suka lanƙwashe, ya zube.

"Yaya!" Maigandi ya zabura zai ruga.

Gidaɗo ya riƙe masa hannu gam. "Tsaya ka gani."

Bidi ya kwanta a gefe, ya juya, ƙafafu huɗu a sama, ya yi birgima cikin ciyawa, ya koma ɗaya gefen, ya sake, yana gurnani irin na jin daɗi. Sannan ya yunƙura ya miƙe, ya girgiza jiki tun daga kai har wutsiya. Ya sunkuyar da kai ya fizgi ciyawa cike da baki. Ya tauna. Ya sake fizga.

Daga gida aka aiko cewa abinci ya sauka, ga ruwan wanka an kai. Abdulwahabu ya tafi. Gidaɗo ya ce su je.

"Tahi, Yaya, ina nan tahe."

Gidaɗo bai tafi ba, ya tsaya a bayansa. Maigandi ya zauna a ƙasa da igiya a hannu yana sauraren ƙarar tauna. Dokin na ci yana gaba, yana ci yana gaba, yana nufar gulbi. Da ya ɗan yi nisa Maigandi ya ɗaga murya.

"Bidi!"

Kunne ɗaya ya juyo wajensa, ya koma. Bakin bai tsaya ba.

"Ka gani, Yaya? Ko kallona bai yi ba," in ji Maigandi. Dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa. Bai kuwa sake kiransa ba.